Goggoron Iya Laburare

Duk macen da ta yi sakandaren 'yan mata ta garinmu Iseyin ta san Moradeke Ajala, kuma ba kowace ce ke tuna ta da murmushi ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana tsaron ɗakin karatu na makarantar. Kafin yarinya ta taɓa littafi sai ta miƙo hannuwa an shinshina, in akwai warin manja ko na kifi a koma famfo. Tun a lokacin aka laƙaba mata Iya Laburare, sunan kuma ya bi ta har bayan ritaya, har 'yan acaɓa da shi suke kiranta. Gajeruwa ce mai tabarau mai kauri, ba ta ɗaga murya, don ba ta taɓa bukatar ɗagawa ba.

Shekarar da ta ajiye aiki ita ce shekarar da mijinta, Tica Ajala, ya rasu. Aka binne shi a gidan gadonsu, a gefen baranda, kamar yadda ake yi wa kowane ɗan gidan. 'Yarta tilo tana aure a Legas, ita ce ta aiko mata da wata tsohuwar kwamfuta don ta rage kaɗaici. Da ta san abin da za ta jawo wa uwarta, da rediyo ta aiko.

Ran nan Moradeke ta buɗe babban kundin sani na intanet, wannan na Turanci da kowa ke iya shiga ya rubuta ko ya gyara, ta nemi ashoke, saƙar hannu ta Yarbawa da garinmu ya yi suna a kanta. Ta sami layi huɗu da hoton wani shago a Landan. Babu sunan masaƙi ko ɗaya. Ita kuwa 'yar mai rini ce, cikin ƙarar ƙoshiya ta tashi, a garin da ba ka ratsa lungu uku ba ka tsallake zaren wani ba. Ranta ya ɓaci, irin ɓacin da ke tayar da mutum tsaye. Ta yi rajista da sunanta na gaskiya, ta fara rubutu.

Kundin yana da dokoki, Moradeke kuwa doka abincinta ce. Ta farko ita ce ba a rubuta komai sai an nuna inda aka taɓa buga shi, abin da suke kira madogara. To wa ya taɓa buga labarin masaƙi? Jaridunmu suna da fili ga ɗan siyasar da ya yi atishawa, amma ba su da shi ga mutumin da ya shekara sittin a kan masaƙa. Sai ta shiga tone-tone. Ta bi gida-gida tana aron takardun bikin jana'iza, irin waɗanda ake buga tarihin mamaci a ciki. Ta tono tsofaffin mujallun makarantu da gara ta ci gefensu, da ƙasidar wani bajekolin sana'o'i, da kundin binciken da wani ɗalibi daga Ibadan ya yi tun tana budurwa. Da waɗannan tarkacen ta gina shafin masaƙa arba'in da uku, ɗaya bayan ɗaya, cikin shekara goma sha ɗaya.

Ba a bar ta ta huta ba. Kusan kowane shafi sai wani mai gyara daga wata ƙasa ya zo ya ce wannan mutumin bai isa shiga kundi ba, a goge. Ita kuma ta zauna ta amsa, a natse, da lambar shafi da shekarar bugu, har ya gaji ya tafi. A hankali suka san ta. Aka kai inda in wani sabon shiga ya tayar da maganar gogewa, sai tsofaffin su ce masa ya bari, in Moradeke ta ce ta ga takarda to ta gani. Gaskiyar magana, madogaran nan ba su da ƙarfi, kuma babu mai iya ganinsu sai wanda ya zo ɗakinta ya buɗe akwati. Shafukan masaƙan duk a kan sunanta suke tsaye, kamar rumfar da aka jingina da katanga. Ta san haka, shi ya sa take tsaron sunan fiye da yadda ta tsare littattafan makaranta.

Doka ta biyu ita ce ba ka rubuta na gidanku, in kuwa an ba ka wani abu don ka rubuta, sai ka faɗa a fili a goshin shafinka na mai gyara, wanda ke ɗauke da sunanka. A nan ma Iya Laburare ba ta da sassauci. Samarin Legas da ke karɓar kwangilar rubuta wa masu kuɗi tarihin da babu tabo, su yi shiru, ta fallasa su ba adadi. Tana shinshino rubutun haya kamar yadda take shinshino manja a hannun ɗaliba.

Shafinta na farko na Baba Lasisi Ojelabi ne, masaƙin da ya haura tamanin kuma har yanzu ƙafarsa na kan masaƙa. Bai iya karatu ba. Amma duk ran kasuwar ashoke, in ta biyo ta rumfarsa, sai ya ajiye ƙoshiya ya goge hannu a cinya.

"Iya Laburare, nuna mini ni."

Ta buɗe masa a waya. Ya kai hoton dab da hanci, ya daɗe yana kallon kansa.

"Turawa ma haka suke ganina?"

"Haka suke ganinku, Baba."

"To madalla. Su gani da kyau."

Wannan ne ladanta, babu wani. Sauran duk gajiya ce. Idanunta sun fara hazo. Kwamfutar ta tsufa, tana gurnani kamar injin niƙa, in aka ɗauke wuta kuwa minti goma ba ta yi. Sau nawa aka ga Iya Laburare rungume da ita a kan acaɓa za ta shagon mai aski neman caji. Akwai ranar da ta kwashe awa uku tana rubuta amsa ga wani da ke zaune a ƙasar da ba a ɗauke wuta, tana dab da aikawa wuta ta tafi da komai. Ta kifa kai a kan tebur, ba ta yi kuka ba, amma ta ji a ranta cewa ta tsufa kuma babu wanda ya aike ta.

Ana cikin haka Cif Akinrinola ya aiko a kira ta. Shi ne babba a gidan su mijinta, ɗan wan uban Tica ne, mai gidajen mai huɗu da rumbunan kashu. Shi ne kuma ya saye filin da masaƙan unguwarsu Baba Lasisi ke wadari, wato miƙe zaren saƙa, tun kaka da kakanni, ya kafa gidan mai a kai, maganar har ta je kotu, wata jarida ta buga. Yanzu wani ƙaramin sarki na ƙauyen kusa zai naɗa shi sarauta.

Ta same shi a falo, ta durƙusa har ƙasa.

"Matarmu! Tashi, tashi, gwiwoyin nan ai su ma sun yi ritaya. An ce duk masaƙan garin nan kin kai su Turai. Har Lasisi, da bai san harafin farko na sunansa ba, an ce in ka danna waya sai ga shi yana washe giɓi. Ni da nake ciyar da rabin unguwa, yarana sun neme ni a ciki sama da ƙasa, babu ni. Laifin me na yi miki?"

"Ba laifi ba ne, Baba. Doka ce. Ba a rubuta na gida."

"Dokar wa?"

"Ta kundin."

"Shi kundin ɗan wane gida ne? Ya zo jana'izar mijinki?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce kuma ba a karɓar komai a kan rubutu.

"Subhanallahi! Wa ya yi maganar biya? Ni zan biya matar ƙanena kamar 'yar ƙwadago? Kin zage ni, amma na yafe miki. Zauna ki ci amala."

Ta ci amalar, ta tafi ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Kwana shida bayan nan masu haɗa sola suka hau rufin gidanta ba tare da sun tambaye ta ba. Washegari direba ya kawo sabuwar kwamfuta a kwali. A rana ta uku sai ga Alhaja Sikira, ƙanwar Cif, ta shigo tana haki da ƙunshi a hamata, ta kwance a kan gado. Ashoke ne shuɗi mai duhu, da layi uku ja da ɗaya na azurfa, zane da gyale da goggoro.

"Sittin aka saƙa, ba ƙari ko ɗaya," in ji Alhaja. "Na 'yan cikin gida ne. 'Yan gayya atamfa za su sa. A rumfar Lasisi aka yi, ai kin san hannunsa. Shi ma da ya gama fushin fili, da ya ga aiki ya karɓa, ciki ba ya zuwa kotu."

Anko saye ake yi, kowa ya sani. Wanda aka kawo maka kyauta, magana ce aka naɗe a ciki. Mayar da shi kuwa, a wurinmu, daidai yake da ka aika wa gida cewa ka fita daga cikinsu. Moradeke ta tuna kabarin Tica a gefen barandar gidan nan, da ɗan wurin da aka bar mata kusa da shi. Ta shafa ashoken, ta ji laushin hannun Baba Lasisi. Ta ce Alhaja ta yi mata godiya wurin Baba.

Da la'asar ɗaya ta rubuta shafin Cif, fanka na kaɗa mata, kwamfuta shiru kamar ba a kunne take ba. A duk shekarunta ba ta taɓa rubuta shafi mai sauƙi irinsa ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai. Jaridu uku sun riga sun buga tarihinsa da yabonsa, kowa ya san yadda aka yi suka buga, amma jarida jarida ce a wurin kundin. Maganar filin wadari ba ta sa ba. Ba ta yi ƙarya a kai ba, tsallakewa kawai ta yi, kamar yadda ake tsallake kwata. Bayan bikin ta ɗora hoton Cif a tsakiyar iyalinsa, duk cikin shuɗi da ja. Ita ce ta ɗauki hoton, don haka ba ta ciki. Hali kuma ba ya barin mai shi, sai da ta rubuta a ƙarƙashinsa cewa ashoken da iyalin ke sanye da shi saƙar Lasisi Ojelabi ne.

Ba a yi wata ba tambaya ta zo. Akwai wata mai gyara a can wata ƙasa mai sanyi, sun shekara takwas suna gaisawa a rubuce ba su taɓa ganin juna ba, kuma ita ce kan gaba wajen kare shafukan masaƙa. Ta rubuto cikin ladabi, a fili inda kowa ke gani, ta ce wannan shafin bai yi kama da hannun Moradeke ba, ya yi santsi da yawa. Shin tana da alaƙa da mutumin? An ba ta wani abu? Moradeke ta tashi ta sha ruwa, ta share tsakar gidan da ta riga ta share da safe, ta dawo. Sunanta Ajala, nasa Akinrinola, wa zai haɗa? Ta rubuta a'a, ba ta da alaƙa da shi, ba a ba ta komai ba. Matar ta ba ta haƙuri, har da cewa ta ji kunyar tambayar.

Da a nan abin ya tsaya, da ban sami labarin ba ku ba. Masu gyaran kundin na jiharmu suna taruwa a Ibadan sau biyu a shekara, a wancan taron kuma aka shirya karrama Iya Laburare da takardar yabo. Macen da za a kira gaban jama'a a karrama, ai sai ta ɗaura kai mai kyau. Ta buɗe akwati, goggoro mafi kyau da ta mallaka shi ne shuɗin nan. Ashoke kuwa ba a barinsa ya tsufa a ninke, ko wace mace a garin nan haka za ta gaya maka. Wallahi ko a ranta ba ta kawo komai ba. Ta ɗaura shi ya tashi kamar fanka, ta tsaya a tsakiyar hoto riƙe da takardarta, kafin magariba hoton ya hau kundin.

Washegari da hantsi Rasaki ya yi sallama. Ɗan Baba Lasisi ne, ma'aikacin lafiya da ya kusa ritaya, ita ce kuma ta koya masa gyaran kundin. A goshin shafinsa ya rubuta cewa ba zai taɓa shafin ubansa ba, ba zai taɓa duk abin da ya shafi shari'ar filinsu ba, kuma bai taɓa ba. Ya gaishe ta, ya zauna a bakin kujera, ya kalli fankar da ke juyawa alhali duk unguwar babu wuta.

"Anti, goggoronku na jiya ya yi kyau."

"Na gode."

"Ni na taya Baba wadarinsa. Uku ja, ɗaya azurfa. Sittin ne."

Ta kau da kai, ya ci gaba.

"Kuma na ga abin da kuka amsa wa matar nan."

Ta cire tabarau ta goge da bakin zane.

"To ka zo ka gaya mini za ka kai ƙara ke nan."

"Ni? In kai ƙararku in kashe ubana da hannuna? Anti, in sunanku ya faɗi, me ke riƙe da shafin Baba? Mujallar makaranta da takardar biki? Zuwa na yi in ce ku yi shiru. Na roƙi a sauke hoton, an ce an riga an kwafe shi wurare uku. Amma mutanen waje ba su san zane ba, a wurinsu duk goggoro ɗaya ne. Cikin namu na Ibadan mata biyu sun gane, tun a wurin cin abinci suke zungurar juna. Na bi su na roƙe su."

"Kai ne da ka rubuta ba za ka taɓa abin gidanku ba."

"Ban taɓa ba. Shiru na ce a yi. Shiru ai ba gyara ba ne."

Ta dube shi, ta ga ɗalibinta ya koyi darasin da ba ta yi niyyar koyarwa ba. Ya miƙe zai tafi, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Sola ba ta dame ni ba, Anti, kun cancanci fiye da haka. Filin ne kawai ya yi mini ciwo. Kun san yanzu a bakin titi Baba ke wadari, manyan motoci na watsa wa zaren taɓo."

Ta yi shirun. Mako uku tana yi. Ta kan buɗe kundin ta ga wani yaron Legas ya shigo da rubutun haya, ta gane shi tun layin farko, sai ta rufe ta bar shi. Da wane baki? Ran kasuwa ta nuna wa Baba Lasisi hotonsa kamar kullum, ta dawo gida ta kwanta da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba.

A mako na huɗu wani da ba ta sani ba ya ƙara maganar filin wadari a shafin Cif, da jaridar da ta buga a matsayin madogara. Kafin azahar wayarta ta yi ƙara.

"Matarmu, wane ɗan iska ne ya shiga gonata? Ki cire wannan ƙazantar yau ɗin nan."

"Baba, yana da madogara. Ba a cire abin da ke da madogara."

"Ke kika gina ɗakin, ke za ki share shi. Af, kuma Otunba abokina da surukinsa mai otal suna son nasu. Na ce musu ai muna da mutum a ciki. Sikira za ta kawo miki takardunsu."

Muna da mutum a ciki. Ta ajiye wayar ta zauna gaban kwamfutar. Ta buɗe shafin Cif, ta kai hannu kan layukan filin. Dannawa ɗaya ce, kuma da sunanta babu mai tambaya. Ta hango sauran rayuwarta a jere: yau ta cire wannan, gobe mai otal, jibi wani, tana lura da bakin mata biyu a Ibadan, tana sa Rasaki roƙo, tana zaɓen ɗankwalin da za ta ɗaura kamar ɓarauniya. Mutane daga baya sun ce tsoron Allah ne ya kama ta, wasu suka ce taurin kai ne. Ita da bakinta ta ce ba ko ɗaya. Gajiya ce kawai. Ta duba ta ga ba ta da ƙarfin ɗaukar ƙaryar nan ko da na mako guda a gaba.

Ta bar layukan filin yadda suke. Ta buɗe shafinta na mai gyara, a goshinsa ta rubuta cewa Cif Akinrinola ɗan'uwan mijinta ne, ya sa mata sola, ya ba ta kwamfuta da tufafin biki, ta rubuta shafinsa ba ta faɗa ba, ta bar maganar fili da gangan, kuma da aka tambaye ta ta yi ƙarya. Ta sa kwanan wata, ta aika. Sannan ta je ta ɗora ruwan miyar ewedu.

Kundin ba ya fushi, ba ya kuma tausayi. Masu kula suka tattauna, suka yaba mata da ta faɗa da kanta, suka dakatar da ita. Tana iya karantawa, ba ta iya rubuta ko harafi. Sai doka ta gaba ta biyo: wanda aka samu da wannan, sai an sake duba duk abin da ya taɓa rubutawa. Aka jera masaƙan nan arba'in da uku, kowanne aka ba shi kwana bakwai na muhawara a kan ko a goge shi. Tana zaune tana karanta abin da ake cewa a kansu, amsoshin suna bakinta, lambar shafi da shekarar bugu, akwatin takardun yana nan gefen ƙafarta. Wani ya rubuta cewa waɗannan madogaran babu wanda ya taɓa ganinsu sai ita, ita kuwa yanzu an san maganarta. Ba ƙarya ya yi ba. Matar ƙasar sanyi ta kare biyu ko uku, sannan ta rubuto mata layi ɗaya, ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, daga nan ba ta ƙara cewa komai ba.

Tara suka tsira, waɗanda sunansu ya fito a binciken ɗalibin nan na Ibadan, don shi ana iya samunsa a jami'a. Baba Lasisi ba ya ciki. A wancan zamanin da ɗalibin ya zo rumfarsu da littafi da biro, Lasisi yana matashi mai zafin kai, ya kore shi, ya ce yana tare masa haske.

Shafin Cif kuwa aka rage masa yabo, aka yanke nan aka yanke can, aka bar shi. Jaridu uku na yabo, da ta huɗu ta shari'ar fili, madogara ta ma ƙaru. Yana nan har yau, da hotonsa.

Cif bai aiko a cire solar ba, da ya cire da ta fi samun sauƙi. Ya dai daina ganinta. Ranar da ta je share kabarin Tica, matan gidan suna baranda suna tsinke ganye, babu wadda ta miƙo mata kujera. Alhaja Sikira ta ce da ƙarfi, tana kallon wani wuri, wai akwai mutanen da ko zinariya ka ɗaura musu sai sun je sun gaya wa Turawa. Rasaki in ya hango ta sai ya tsaya duba tayar babur ɗinsa har ta wuce. Wannan ya fi na gidan Cif ciwo.

Kasuwa uku ta yi ba ta bi ta rumfar Baba Lasisi ba. A ta huɗu ya aiko mai sayar da zare ta ce mata yana cigiya. Ta je. Ta same shi a kan masaƙa, zarensa a miƙe har bakin titi, an danne ƙarshensa da dutse. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ajiye ƙoshiya, ya goge hannu a cinya.

"Iya Laburare, kin yi wuyar gani. Nuna mini ni."

Tun a hanya take shirya abin da za ta ce, duk ya gudu.

"Baba, an cire shafinku. Ni na jawo."

"Rasaki ya yi mini wani dogon bayani, ban gane ba. Ya ce wai saura wuri ɗaya da sunana yake. Nuna mini wurin."

Ta buɗe shafin Cif, ta gangara zuwa hoton, ta miƙa masa. Ta karanta masa layin da ke ƙasa, ta fassara: ashoken da iyalin ke sanye da shi saƙar Lasisi Ojelabi ne.

Ya kai wayar dab da hanci. Ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya.

"Ni ina nake?"

"Ba kwa ciki, Baba. Sunanku ne kawai, a ƙasa."

Ya sake duban hoton. Wata tirela ta wuce, zaren ya girgiza.

"Ƙara mini girman nan. Kafaɗarsa."

Ta buɗa hoton da yatsu biyu har babbar rigar Cif ta cika wayar. Tsohon ya daɗe yana kallo, yana motsa baki.

"Kin gani? Telan nan ya haɗa ƙyallen a juye. Jan layin bai haɗu da ɗan'uwansa ba. Wata biyu muna kan aikin nan, ko zare ɗaya bai kauce ba, ya zo ya ɓata shi a kafaɗa, inda ido ke fara sauka."

Ya miƙo mata wayar, amma bai saki ba.

"Turawa ma haka za su gan shi?"

"Haka za su gan shi, Baba."

Ya saki wayar, ya ɗauki ƙoshiyarsa, ya ɗora ƙafa. Ta zauna a kan bencin tana riƙe da wayar har ta mutu da kanta a hannunta.

Ran kasuwa mai zuwa ta sake biyowa. Suka gaisa, ya tambaye ta gwiwoyinta da 'yarta ta Legas, ya sa aka kawo mata ruwa. Bai ce ta nuna masa komai ba.